WANE NE BAƘO A DAJIN BIRNIN GWARI?

Akwai wata kalma guda da mahukuntan ƙasar nan ke ajiye ta a aljihu kamar goro, ba sa fito da ita sai ranar da jini ya zuba. Kalmar ita ce “baƙi”. Duk lokacin da ɓarayin daji suka afka wa wani ƙauye a gundumar Randagi ko Kakangi, suka kashe na kashewa, suka kora mata da yara cikin daji kamar awaki, kafin a gama haƙa kaburbura za a ji wani mai babbar riga a rediyo yana cewa ai baƙi ne, daga ƙetare suka shigo. Shi ke nan ya wanke hannunsa. Talaka kuma da zuciyarsa ke tafasa sai ya karɓi kalmar, ya je ya ɗora ta a kan Bafillacen da ya fi kusa da shi, wanda matarsa ke kawo nono kasuwa tun kafin a haife shi.

Kada wani ya ɗauka ana neman rage wa mutanen Randagi zafin abin da suka gani. Wannan yanki na yammacin masarautar Birnin Gwari, mai maƙwabtaka da jihar Neja, ya sha azabar da baki ba zai iya faɗa ba. Manomi ya share gonar da ya gada kaka da kakanni, amma bai isa ya kafa garma ba sai ya biya wani yaro mai bindiga haraji, in amfani ya nuna kuma ya sake biya kafin ya girbe. A shekarar 2022 manyan masarautar da kansu suka fito suka shaida wa duniya cewa manoman gundumar Randagi sun zuba wa ɓarayin daji miliyoyin naira don kawai a bar su su yi noma. A watan Mayun 2018 an kashe sama da mutum 40 a Gwaska rana guda. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi shekara da shekaru matafiyi ba ya hawanta sai ya yi wasiyya. Duk wanda ya aikata wannan azzalumi ne, mai tare hanya ne, kuma hukuncin mai tare hanya yana nan ɓaro-ɓaro cikin Suratul Ma'ida. Babu uzurin da zai wanke shi, ko shanunsa dubu aka sace.

To amma su wane ne? A watan Afrilun 2018 marigayi Muhammadu Buhari yana London, gaban babban limamin cocin Ingila, ya ɗora laifin kashe-kashen makiyaya a kan mutanen da Gaddafi ya horar. Kafin nan, a ƙarshen 2016, Nasiru El-Rufa'i yana gwamnan Kaduna ya ce an bi sawun masu kai hari a kudancin jihar har Kamaru da Chadi da Nijar da Mali da Senegal. Babu mai musun cewa makaman Libiya sun malalo kudu bayan 2011, babu kuma mai musun cewa iyaka a buɗe take. Sai dai Bello Turji ɗan ƙasar Shinkafi ne, an san gidansu. Ado Aleru kuwa a watan Yulin 2022 aka naɗa masa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, da rana tsaka, da kiɗa da taro. Yaushe aka fara naɗa wa wanda ba a san asalinsa ba rawani? Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar, da ya bincika sai ya ci karo da hannun wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro. Wanda ke kai musu fetur da burodi cikin daji ɗan gari ne. Mai tsegunta musu cewa wane ya sayar da masara ɗan gari ne. Mai sayen shanun sata da zinaren da ake haƙowa a dajin Birnin Gwari yana zaune a birni cikin sanyin na'ura, wataƙila ma a sahun gaba yake ran Juma'a.

Amfanin kalmar “baƙo” ga mai mulki shi ne tana toshe bakin tambaya. In daga waje suka zo, ba wanda zai tambayi ina burtalolin da aka yanka aka raba wa manya. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, an ware wurare kimanin 415, amma waɗanda aka tabbatar da su a doka ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, su ma an cinye da yawansu. Ba wanda zai tambayi alƙalin da ɗan sandan da suka mai da makiyayi saniyar tatsa, saniyarsa ta ci ɗan kan dawa a sa shi sayar da bijimi biyu. An kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya a 1989, hedikwatarta ma a Kaduna take, amma a zaga rugagen dajin Kamuku da na Kuyambana a ƙirga yaran da suka iya rubuta sunansu ko suka haɗa izu biyu. Yaro ya tashi bai san malami ba, bai san asibiti ba, hukumar da ya sani ita ce mai zuwa karɓa. Abin mamaki, zamanin da ake biyan jangali babu wanda ya taɓa ce wa uban wannan yaro baƙo. Kowace shekara dogarai na shiga har ƙuryar daji su ƙirga shanunsa ɗaya bayan ɗaya, har sai da gwamnatin Balarabe Musa ta soke jangali da haraji a Kaduna a 1979. Ranar karɓa ɗan ƙasa ne, ranar bayarwa kuma sai a ce ba a san daga inda ya ɓullo ba.

Ga kuma inda kalmar ke sauka. Ba ta taɓa sauka a kan Turji, don shi yana da bindigar da ta fi ta ɗan sanda. Tana sauka a kan tsohon da ya zo sayen gishiri da kanwa. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙasar Gwadabawa suka kashe Fulani, har da limami, ba tare da an kai ko ɗayansu gaban alƙali ba. Ba a yi mako biyu ba ɓarayin daji suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe sama da mutum 40 waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wannan ya kashe marar laifi don kamanninsa, wancan ya rama a kan marar laifi don harshensa, su kuma masu laifin na ɓangarorin biyu suka kwana lafiya. An manta cewa farkon waɗanda satar shanu ta talauta a wannan daji Fulani ne, kuma har yau Bafillacen da ya ƙi shiga ta'addanci yana tsakanin wuta biyu, a daji a kira shi munafuki a ƙwace garkensa, a gari a kira shi ɓarawo a yanka shi. Gwamnati da kanta haka take hukunci, a dunƙule. A ƙarshen 2021 ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a Birnin Gwari, ta hana hawa babur, mai laifi da marar laifi duk bulala ɗaya. A Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, hukuma da bakinta ta ƙirga gawa 85. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya saba kallon mutanen daji a matsayin waɗanda ba nasa ba, hannunsa ba ya rawa wajen danna maɓalli.

Wannan cuta ba a dajin Kamuku aka haife ta ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi a takarda, suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Damagaram, wa ya kwana ɗan Ingila, ƙane ya kwana ɗan Faransa. Kafin wannan layi makiyayi yana bin ruwa da ciyawa, fatake suna bin kasuwa daga Kano har Gwanja, almajiri yana bin malami duk inda ya ji labarinsa. Da Bature ya tashi tafiya sai ya bar wa 'yan korensa layin, ya kuma bar musu dabarar amfani da shi, su kuwa suka fi shi iyawa.

A duba abin da aka yi wa Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, mutum mai bakin da ya dami NPN. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga Maiduguri suka tsallaka da shi Chadi suka ajiye, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Har wata mata aka kawo daga can ta ce ita ta haife shi! Babbar kotun Maiduguri ta yi watsi da wannan wasan kwaikwayo ta ce ɗan ƙasa ne. In ana iya mai da zaɓaɓɓen ɗan majalisa baƙo cikin dare ɗaya, ina ga makiyayin da ba shi da ko takardar haihuwa? Shekara uku bayan haka, da kuɗin fetur ya ja baya, zaɓe kuma ya matso, sai gwamnatin Shagari ta nemi wanda za ta ɗora wa laifin yunwa. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida Ali Baba ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Mutum wajen miliyan biyu suka kwashi komatsansu, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Chadi, Musulmi masu gadi da ga-ruwa da yankan farce. Jakar da suka zuba kayansu har yau da sunan wannan kora ake kiranta a kasuwa, ana dariya. Bayan sun tafi shinkafa ba ta sauko ba, kuma kafin shekarar ta ƙare soja suka kifar da gwamnatin.

Shi kuwa malamin da ya koyar da wannan darasi yana nan bai tuba ba. A 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke, Tarayyar Turai ta zaro wata dokar ba da mafaka da ta kwanta tun 2001 ba a taɓa aiki da ita ba, cikin 'yan kwanaki ta buɗe wa miliyoyin mutane ƙofa, da izinin aiki da makaranta. Madalla, haka ya kamata a yi wa mai gudun wuta. Amma a wannan iyakar dai, ɗaliban Afirka, har da 'yan Nijeriya, aka riƙa sauke su daga jirgin ƙasa ana tura su bayan layi. A watan Yunin wannan shekara, a shingen Melilla tsakanin Maroko da Sifen, aƙalla baƙaƙen fata 23 suka mutu rana guda, yawancinsu masu gudun yaƙin Sudan. Bambancin waɗannan da waɗancan launin fata ne da addini, sauran bayani duk ado ne. A 2015 Turai ta matsa wa Nijar ta yi dokar da ta mai da direban Agadas mai laifi don ya ɗauki fasinja zuwa arewa, wato aka ɗauko iyakar Turai daga bakin Bahar Rum aka dasa ta a tsakiyar Sahara, dokar da sai a Nuwamban 2023 aka soke ta. Amurka kuwa a farkon 2020 ta saka Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka toshe wa bizar zama, jerin da tun asalinsa a 2017 Musulmi aka nufa da shi.

Da ma a ce abin ya tsaya ga waɗanda ba sa sallah. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya tsaya ya ce shigowar baƙaƙen fata makirci ne na sauya kamannin ƙasarsa, washegari aka shiga korar su daga gidajen haya ana dukansu a titi. Aljeriya ta yi shekaru tana kwaso mutane a manyan motoci ta zube su cikin rairayi, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka, mata da goyo. Duk alƙibla ɗaya ake fuskanta.

Bahaushen da ke jin daɗin kiran Bafillace baƙo ya kamata ya san sunan da ake kiransa da shi in ya tsallaka. A Sudan akwai Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka isa can a hanyar Makka, wasu kuma suka bi hijirar da ta biyo bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Sama da shekara ɗari suna noma ƙasar, amma a 2022 da Hausawan jihar Blue Nile suka nemi a ba su sarautarsu, sai aka ce baƙi ba su da ƙasa. Tsakanin Yuli da Oktoba ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Can ba a bambanta Bahaushe da Bafillace, duk Fallata ake ce musu. A Gana a 1969 Busia ya ba baƙi mako biyu, Hausawan zango da aka haifa a Kumasi suka bar gidajensu. A nan gida, a Janairun 2021 aka ƙone gidan Sarkin Fulanin Igangan bayan wa'adin Sunday Igboho, wata guda bai cika ba wutar ta isa kasuwar Sasa a Ibadan, ta cinye rumfunan Hausawa masu tumatir da albasa. A ƙarshen Maris 2025, cikin azumi, aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin sallah, aka kashe su aka cinna musu wuta. Hausawa ne, da yawansu daga Torankawa ta ƙasar Bunkure. Babu wanda ya tsaya tambayar su ko Hausa zalla ne ko ruwa biyu. An ga kamanni, an ji harshe, an yanke hukunci, daidai yadda ɗan sa-kai ke yi a kasuwar ƙauye. Kuma kada 'yan Arewa su yi saurin wanke kansu, don a gidan Arewa House da ke Kaduna ne wasu matasa suka tsaya a watan Yunin 2017 suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa.

Wannan ya kawo magana kan masu ihun “Hausa zalla” a Facebook da TikTok, waɗanda yawancinsu ba su taɓa kwana a Randagi ba, ba su taɓa haɗa kuɗin fansar kowa ba, amma sun fi kowa ƙwarewa wajen zagin Shehu Usmanu da tone-tonen asali. In dai wanda ya riga zuwa shi ne mai ƙasa, to su karanta sunan garin da kyau: Birnin Gwari. Su karanta sunan dajin: Kamuku. Waɗannan sunayen al'ummu ne da suke nan da ransu. Kuma abin kunya ne yadda bakin Bahaushe ya mai da sunan Bagware abin ba'a, duk wanda harshensa ya karkace a ce yana gwaranci, alhali tumatir da tattasai da ake miya da su kayan gwari ake ce musu, sunan mutumin na cikin tukunyar kowa. Su ne kuma aka tasa daga ƙauyukansu bayan dokar 1976 don a gina Abuja, yau suna kallon benaye a kan gonakin iyayensu. Wanda ya buɗe ƙofar “wa ya riga wa” ba shi zai rufe ta ba.

Musulunci ya gama da wannan magana tun a Makka. Farkon masu gudun hijira a wannan al'umma wurin baƙin sarki suka je, Najjashi na Habasha. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a kamo su a mayar, kamar dai yadda ake sayen gwamnatocin yau su tsare wa Turai hanya. Najjashi ya ƙi miƙa kowa sai ya ji ta bakinsa, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, sarki ya mayar da kyauta ya riƙe baƙinsa. A Madina Manzon Allah (S) ya tarar da Ausu da Khazraju jinin Bu'asu bai bushe a tsakaninsu ba, ya kashe gabar, ya ɗauki Bamakke da ya zo ba shi da ko tabarma ya haɗa shi 'yan uwantaka da mai gonar dabino. Da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, Manzo (S) bai ɗauke shi ƙaramin abu ba, ya gaya masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta ajiye ƙabila a matsayin abin sanin juna, ta ajiye ɗaukaka a wurin taƙawa, Alƙur'ani kuma ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani rai kayan wani. Shehu Usmanu da ake zagi, babban malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru daga ƙasar Agadas ya karanta wurinsa, kuma cikin waɗanda ya ba tuta akwai Yakubun Bauchi, wanda ba Bafillace ba ne. Jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 ba takardar asali aka duba aka shigar da su ba.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗanda aka ce sun ajiye makami, aka buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Duk abin da zai tsayar da zubar jinin Musulmi abin maraba ne. Amma a lura da abu guda: ranar da aka tashi sulhu ba a aika Mali ko Libiya neman kowa ba, ba a nemi tafinta ba. An san sunayensu, an san iyayensu, an san ardon da za a aika ya kira su. Ashe dama an sani. Abin da ya rage shi ne haƙƙi, don sulhun da aka ƙulla tsakanin mai bindiga da mai mulki bai share hawayen matar da aka kashe wa miji a gonarsa a Randagi ba, bai kuma mayar wa Bafillacen da bai taɓa riƙe bindiga ba garkensa da 'ya'yansa da aka yanka a hanyar kasuwa ba. Limaman Juma'a na Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Kuyello su ne ya kamata su fara wannan aiki daga kan mumbari: a rubuta sunan duk wanda aka kashe, na gari da na ruga, a littafi ɗaya, a nemi diyyarsa, wanda ake tuhuma a kai shi gaban alƙali da sunansa da sunan ubansa, ba da sunan ƙabilarsa ba. Jami'in da kuma ya sake cewa baƙi ne, a nemi ya faɗi ta wace iyaka suka shigo da wanda ke gadin ta a ranar. In ya ce Fulanin dajin ne gaba ɗaya baƙin, takardun jangali na zamanin En'e suna jibge a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sai a buɗe a karanta masa sunayen kakanninsu da adadin shanun da aka karɓar wa kuɗi.